Yadda Ake Daɓen Siminti Ya Kwanta Daidai, Ba Tudu Ba Kwari

Daɓen siminti shi ne shimfiɗar yashi da siminti da ake yi a bisa kankaren ƙasa, wanda magina ke kira jaman fulo, ko a bisa kankaren bene. Aikinsa ya shafe tudu da kwarin da kankare ya bari, ya ba tayil ko leda ko kafet wurin zama mai kyau. Ba shi ke ɗaukar nauyin gini ba, kuma ba ya gyara ƙasar da ba a cike ta da kyau ba. In cikon da ke ƙarƙashi yana zama, ko ginin yana kan baƙar ƙasar nan mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa, to duk kyan daɓe zai bi kankaren ya tsage. Wannan matsalar tun a harsashi ake maganinta.

Daidaiton daɓe a jikin bango ake samo shi, tun ba a buɗe buhun siminti ba. Ƙarfinsa kuma daga ƙarancin ruwa a kwaɓi yake, da duka, da ban ruwa bayan an gama. Magini da yawa sun juya abin: su cika ruwa a kwaɓi don ya yi saurin bajewa, su auna da ido, washegari su bar shi ga iska.

Kayan aiki

Shebur, kwanon sarki, baro, bokiti, cokalin gini, tef na awo, igiya, ƙusoshin kankare, alli ko fensir, guduma da kurfi, tsintsiya mai tauri. Sai katakon murza, da ƙarfen sumulcewa in ana son fuska mai santsi. Uku ne suka fi sauran muhimmanci: tiyon awo, filam, da renji.

Tiyon, wanda ake cika wa ruwa a kai awon tsayi daga wannan bango zuwa wancan, ya zama fari garau wanda ake ganin ruwa a cikinsa, faɗin bakinsa milimita 8 zuwa 10, tsawonsa mita 10 zuwa 15. Wanda ya fi haka siriri yana riƙe kumfa, ruwan kuma yana jinkirin tsayawa. Filam shi ne ma'aunin nan mai kumfa a tsakiya. Kafin ka yarda da shi ka gwada shi: ɗora shi a wuri ɗaya ka ga inda kumfar ta tsaya, ka juya shi kai ya koma gindi a daidai wurin. In kumfar ba ta koma inda take ba, filam ɗin ya lalace. Renji kuwa, wato miƙaƙƙen sandan da ake ja a shafe kwaɓi da shi, na alminiyam mai tsawon mita 2 ya fi. Na katako yana tanƙwarewa in ya sha ruwa ya sha rana, kuma tanƙwarar da ido ba ya gani ita ce za ta fito a kowane ja. Ɗaga shi ka hango gefensa daga wannan kai zuwa wancan, ko ka ja igiya a jikinsa.

Mai na'urar leza ya huta da tiyo, amma ita ma sai an gwada ta lokaci-lokaci, kuma a tsakar gida da rana tsaka layinta ba ya ganuwa sosai. A sa takalmin roba da safar hannu, a ɗaura wani abu a gwiwa. Ɗanyen siminti yana cin fata, mai durƙuso a kansa awa biyu sai dare yake sanin ya ƙone.

Layin mita ɗaya

Da farko a yanke shawarar inda fuskar ƙasa ta ƙarshe za ta tsaya, wato saman tayil, ba saman daɓe ba. Bakin ƙofar shiga ne ke yanke wannan hukunci, da ƙasan ƙyauren ƙofofi in an riga an kafa su, da matakin farko na bene. Daga wannan wuri a auna mita ɗaya cif zuwa sama, a yi alama a bango. Wannan alama guda ita ce uwar duk awon gidan. Kada kowane ɗaki ya samu tasa, domin nan ne ake samun ɗan tudun da ke tuntuɓe mutane a bakin ƙofa.

Cika tiyo da ruwa mai tsabta ta hanyar zuƙo shi daga bokiti, kada ka ɗura daga famfo, don famfo yana tura iska. Bi tsawonsa ka kakkaɓe duk kumfa. Sannan ka haɗa bakunan biyu wuri ɗaya: in ruwan bai tsaya kai ɗaya ba, akwai sauran iska ko tiyon ya naɗe a wani wuri. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan uwar alama, ɗayan ya kai nasa kusurwar da ake so. Na kan uwar alama ne zai riƙa cewa a ɗaga ko a sauke, har ruwansa ya zauna a kan layi ya daina motsi, sannan ɗayan ya yi alama. Ruwa a cikin tiyo yana ɗan lotsawa a tsakiya, to ku duka ku karanta daga ƙasan lotsawar. Kada a toshe baki da yatsa lokacin karatu, kada wani ya taka tiyon, kada kuma rabinsa ya kwanta a rana rabi a inuwa, domin ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi tashi.

A yi alama a kowace kusurwa da tsakiyar kowane dogon bango, a haɗa su da layi. Kowace alama a ɗauko ta daga uwar kai tsaye in tiyo zai kai. In ana ɗaukar ta biyu daga ta farko, ta uku daga ta biyu, kuskuren milimita biyu-biyu zai taru ya zama santimita kafin a zagayo.

Yanzu sai lissafi. A ce tayil da abin manna shi za su ci santimita 1.5. Ke nan fuskar daɓe za ta kasance santimita 101.5 ƙasa da layi. Auna daga layi zuwa kankare a wurare da yawa, har da tsakiyar ɗaki, ta hanyar ɗaure igiya tamau daga bango zuwa bango. In wurin da ya fi tudu ya ba ka 104.5, wanda ya fi kwari ya ba ka 107, to kaurin daɓenka daga santimita 3 ne zuwa 5.5, kuma lafiya lau. In tudun ya ba ka 102.5, santimita ɗaya kacal ke gare ka a wurin. Ko a sassaƙe tudun da kurfi, ko a ɗaga gidan gaba ɗaya in ƙofofi za su yarda. Abin da ba a yi shi ne a shafa siririn kwaɓi a wuce, domin nan ne zai fara ɓamɓarewa.

Kauri

Daɓen da aka manne da kankare kai tsaye kada ya gaza inci ɗaya, wato milimita 25, a ko'ina. Inci ɗaya da rabi, kusan milimita 40, shi ne madaidaici. In ya wuce haka da yawa, ƙarfin tsukewarsa yakan rinjayi mannewar ya ɗago. Kwarin da ya zarce inci biyu da rabi gara a fara cike shi da kankare mai ƙananan tsakuwa.

In an shimfiɗa leda tsakanin kankare da daɓe, saboda ba a sa ledar hana danshi a ƙarƙashin jaman fulo ba kuma ƙasa tana tsatso ruwa, to daɓen ba ya manne da komai, da nauyinsa yake zaune. Wannan kada ya gaza inci biyu, milimita 50. Ledar ta zama mai kauri, bakin kowace ya hau na 'yar'uwarta da kamar santimita 15, a like, a kuma ɗago ta jikin bango. In a kan soso mai hana zafi ko ƙara za a zuba, ƙarancinsa milimita 65 ne a gidan zama. Bututun ruwa ko na wayar lantarki da ya ratsa ta ciki yana son aƙalla inci ɗaya na kwaɓi a samansa, a kuma ɗora ragar waya a kansa, in ba haka ba tsaga za ta zana maka hanyar bututun tiryan-tiryan.

Yashi, siminti da ruwa

Yashin rafi mai tsakin-tsaki, wanda ke ƙaiƙayi in an murza shi a tafin hannu, shi ne na daɓe. Lallausan yashin filasta yana shan ruwa da yawa, ruwan kuma in ya fita sai daɓe ya tsuke ya tsattsage. A tankaɗe shi a fitar da duwatsu da saiwoyi. Don sanin yawan laka, zuba yashi a kwalba ya kai santimita 5, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai, ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a sama. In ta wuce milimita 3 ko 4, a wanke yashin ko a sake wani.

Awon shi ne siminti ɗaya, yashi huɗu. Buhu mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, don haka buhu ɗaya yana cin kwano takwas, wato baro biyu a shafe, ba a tsiri ba. Wurin da za a bar shi tsirara ana takawa, kamar shago ko gareji, a yi ɗaya da uku. Buhu ɗaya a baro huɗu ko biyar, yadda ake yi in mai gida ya matse ko ɗan kwangila yana son ragi, shi ke ba da daɓen da tsintsiya ke cinyewa. Cika siminti fiye da ɗaya da uku shi ma ba gwaninta ba ne, ƙara tsagewa yake yi.

Ɗaki mai ƙafa sha biyu sha biyu kusan murabba'in mita 13 ne. A kaurin milimita 40, zai ci buhu 4 da yashi baro 8. Wato buhu ɗaya yana rufe murabba'in mita uku da 'yan kai. Yi lissafinka da matsakaicin kaurin da ka auno, ka ƙara buhu ɗaya a kan kowane goma saboda zuba da kwarin da ba a gani ba. Siminti mai lamba 32.5 ya isa daɓen gida. Mai 42.5R yana saurin kamawa, da bazara sai an kwaɓa shi kaɗan-kaɗan. Buhun da ya yi gudaji da ba sa farfashewa a hannu ya sha danshi, a ajiye shi gefe.

Da damina yashi mai danshi yana kumbura, yakan ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu ko kusa da haka, don haka baro biyu na jiƙaƙƙen yashi bai kai baro biyu na busasshe ba, kuma ya riga ya zo da ruwansa. Shi ya sa ba a ƙayyade ruwa da bokiti kawai. A busasshen yashi buhu ɗaya yakan sha lita 20 zuwa 25, amma hannu ne alƙali. A juya yashi da siminti a bushe sau uku har launinsu ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa a hankali. Damƙi kwaɓin ka matse. Ya dunƙule kamar curin fura, ba ya ɗigar ruwa, in ka buɗe hannu bai wargaje ba. In ruwa ya biyo tsakanin yatsu, ya yi yawa. In ya ruguje, a ƙara kaɗan. A kwaɓa a kan kankare ko faranti, ba a kan turɓaya ba. Kwaɓin da ya yi awa ɗaya a ajiye, ko minti 45 a zafin Afrilu, ya fara kamawa. Ƙara masa ruwa a sake juyawa kashe shi ne.

Shirya kankare

A kankare duk busasshen filasta da ya zubo a gindin bango, da fenti, da mai. In fuskar kankaren ta yi santsi a sassara ta da kurfi ko bakin guduma har tsakuwa ta fara leƙowa. A share, a wanke, a jiƙa shi tun daren jiya. Da safe a kwashe ruwan da ya kwanta, a bar shi da danshi kawai. Busasshen kankare yana zuƙe ruwan kwaɓi tun kafin siminti ya yi aikinsa, kududdufi kuma yana tsinka shi.

Dab da zubawa a dama siminti zalla da ruwa ya yi kaurin kunu, a goga shi da tsintsiya ya shiga ko'ina. In da hali a haɗa da ruwan manne na SBR bisa awon da ke jikin jarkar. Kada a shafe ɗaki gaba ɗaya. A shafa iya inda za a rufe cikin minti goma zuwa sha biyar, domin kunun da ya bushe ya daina zama manne, ya koma abin raba daɓe da kankare.

Geji, zuba da duka

Geji shi ne ɗan tulin kwaɓi da ake kafawa a daidai tsayin da ake so, a danna gutsuren tayil a kansa. A fara da na kusurwoyi, kamar taƙi ɗaya daga bango, kowanne a auno shi daga layin mita. Ja igiya tsakaninsu ka kafa na tsakiya, tazarar kada ta wuce mita ɗaya da rabi in renjinka mita 2 ne, don kowane kai nasa ya samu wurin hawa. Bi su da renji da filam, a tsaye da a kwance da kuma a karkace. Sannan a haɗa geji da geji da kwaɓi mai faɗin tafin hannu, a daddanna shi, a shafe da renji. Waɗannan layuka su ne dogon da renji zai bi. Wasu suna kwantar da bututun ƙarfe ko miƙaƙƙen katako a maimakonsu, su zare daga baya su cike gurbin. Duk ɗaya ne, muddin an cike gurbin tun yana ɗanye, an kuma cire gutsattsarin tayil ɗin.

A fara daga ƙuryar ɗaki a nufo ƙofa. Zuba kwaɓi tsakanin layuka biyu ya ɗara su da kamar santimita ɗaya, sannan a doke shi. Sunan aikin ma daga nan ya fito. Daɓen gargajiya da mata ke yi da tsakuwa da makuba ba shi da siminti ko cokali ɗaya, madaɓi ne ke ba shi ƙarfi, ana duka ana waƙa har ƙasa ta yi tauri. Kwaɓi mai ƙarancin ruwa shi ma haka yake: in ba a doke shi ba, sama zai yi kyau, ƙasa ya zama kamar wasa-wasa, wata rana ƙafar gado ta burma. A yi amfani da katako mai nauyi ko bayan shebur, a fi matsa wa kusurwoyi da gindin bango da gefen bututu. In kaurin ya wuce inci biyu a zuba shi hawa biyu, a doke na farko, a karce fuskarsa, a ɗora na biyu nan take.

Sai ja. Ɗora renji a kan layuka biyu, ka riƙa gurza shi hagu da dama kana jawowa wajenka, kamar mai yanka da zarto. Kada ka danna tsakiyarsa. Inda ya bar rami a cike, a doke, a sake ja. Bayan kowace mita ɗaya a murza da katako ana zagayawa, tun hannu yana kaiwa, don kada a dawo a taka. In tayil za a sa, a tsaya a nan. Fuskar katako mai ɗan kaushi ita manne ke so. In leda ko fenti ne, a jira ya ɗan kama, yadda yatsa zai bar alama kaɗan kawai, sannan a bi da ƙarfe. Saurin sa ƙarfe da yawan gogawa suna jawo ruwa da lallausan siminti sama, su bushe su yi tsagar gizo-gizo. Barbaɗa busasshen siminti don ya shanye ruwa ko ya yi sheƙi shi ma ɓawo yake yi, ɓawon kuma yana tashi.

A yanka daɓe a bakin kowace ƙofa da gefen cokali, zurfin kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, domin ko ba a yanka ba nan zai tsage, gara ya tsage a miƙe. Babban falo ko dogon baranda a raba shi, kowane yanki kada ya wuce murabba'in mita 40 ko tsawon mita 8. In akwai mahaɗa a kankaren ƙasa, ta daɓe ta hau kanta daidai. In aiki zai kwana, a tsaya a bakin ƙofa a yanke bakin a tsaye, kada a bar shi a sulale.

Inda ba a son ya kwanta daidai

Banɗaki, baranda da tsakar gida gangara suke so. Santimita 1.5 a kowace mita ɗaya zuwa makwarara ya isa. Gejin farko a bakin makwarara ake kafa shi, sauran su riƙa hawa daga nan: mai nisan mita 2 ya ɗara shi da santimita 3. Ka tabbata kauri a bakin makwararar bai gaza inci ɗaya ba. Ƙasan banɗaki kuma ya sauka da aƙalla inci ɗaya daga na ɗaki. Kafin mai tayil ya zo a kwara bokitin ruwa a gani da ido.

Ban ruwa

Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma tana ɗaukar kwanaki. Iskar hunturu da zafin bazara suna iya tsotse fuskar daɓe cikin 'yan awoyi. A rufe tagogi, a yi zubi da sassafe, da zarar ya kama a lulluɓe shi da leda a danne bakunanta, ko da buhunan algarara da aka jiƙa. Kwana bakwai ke nan. Yayyafi sau ɗaya da safe a bar shi ya bushe kafin azahar bai wadatar ba. Kada a taka sai bayan kwana biyu, baro da tsani kuwa sai bayan mako, shi ma a kan katako.

Bayan an yaye leda a bar shi ya bushe da kansa. Ƙiyasin da aka saba shi ne kwana ɗaya ga kowace milimita har zuwa 40, abin da ya haura kuma kwana biyu-biyu. Da rani yakan fi haka sauri, da damina ya fi jinkiri. Tayil yana iya hawa bayan mako uku. Ledar ɗaki da shimfiɗar katako su ne ba sa haƙuri da danshi: like ƙyallen leda mai faɗin rabin mita a ƙasa, ka rufe bakunansa da salatif, ka dawo bayan kwana ɗaya. In ka ga raɓa a ciki ko wurin ya yi duhu, da saura.

Dubawa da gyara

Kwantar da renji mai mita 2 a wurare daban-daban ka leƙa ƙarƙashinsa. Ratar milimita 3 aiki ne mai kyau, shi manyan tayil da leda ke buƙata. Milimita 5 ya wadatar ga ɗakin kwana mai ƙananan tayil. Milimita 10 sai sito.

Ƙwanƙwasa da guduma ko ja ƙarfe a kai. Inda ya manne sautin a toshe yake, inda ya rabu yana amsawa kamar ganga. Ƙaramin wuri da bai tsage ba, ba ya kuma motsi, ana iya barinsa. In yana da faɗi ko gefensa ya ɗago, a yanka da injin yanka tayil a miƙe, a fasa, a wanke, a sa kunun siminti a sake zubawa. Karce fuskar da ƙusa: in ta yi rami yashi yana zubowa, ko siminti ya yi kaɗan ko an bar shi ya bushe da wuri, kuma in laushin ya kai ciki babu magani sai fasawa.

Ƙaramin kwari na milimita 3 zuwa 10 ba a cike shi da yashi da siminti, ba zai zauna ba. Akwai garin da ake sayarwa a buhu mai baje kansa in an dama shi. Yana cin kusan kilo 1.7 a kowace murabba'in mita ga kowace milimita, wato buhu mai kilo 20 zai rufe kamar murabba'in mita 4 a kaurin milimita 3. Sai an share ƙura, an shafa ruwan share fagen da kamfanin ya ce, an auna ruwa daidai yadda aka rubuta a buhu, an kuma zuba cikin minti ashirin da damawa. A toshe bakin ƙofa da katako kafin a fara, kuma kada a kai shi banɗaki, domin zai bi gangarar da aka sha wahalar yi ya cike ta.